Allurar Kwana Uku: Daga Gusau Zuwa Tsafe, Daga Tsafe Zuwa Bungudu

Mun tashi da asuba, amma ba mu bar Gusau ba sai da rana ta fito sosai. Duk wanda ya san hanyar Tsafe a wannan zamani ya san dalili. Ba a shigarta da duku-duku, sai an ga motoci sun fara ɓullowa daga can ɓangaren an tambayi direbobinsu ko lafiya. Mu uku ne a motar. Ƙanina ne ke tuƙi, motar ma tasa ce, tsohuwa ce da sai ta yi tari kafin ta tashi. Sai abokiyar aikina mai gwajin jini, wadda iyayenta suka zo daga Filato amma a Gusau aka haife ta, har ta fi ni iya Zamfarci. Sai ni, nas a ɗakin awon ciki, rungume da kular abinci a cinya. Babu abinci a cikin kular, ƙanƙara ce da allura guda ɗaya.

Ku da kuka yi ta tambayata ina na shiga ranar Larabar nan, bari in fara yi muku bayanin allurar, domin ita ce tafiyar. Akwai wata alama a jinin ɗan Adam. Yawancinmu muna da ita, a ce mana fozitib. Wasu kaɗan ba su da ita, a ce musu negatib. Idan uwa negatib ce, jaririnta kuma ya gado fozitib wurin ubansa, to lokacin haihuwa jininsa kaɗan yakan shiga jikinta. Jikin nata sai ya ɗauke shi a matsayin baƙo, ya shirya masa faɗa. Ɗan fari yakan tsira, domin ya riga ya fito. Waɗanda za su biyo baya ne ake cinye musu jini tun suna ciki, a haife su da shawara mai tsanani, ko a kumbure, ko ba rai. A gida muna cewa wabi take yi. Allurar nan idan aka yi wa uwa cikin kwana uku da haihuwar fari, takan hana jikinta koyon wannan faɗa. Idan kuwa ya riga ya koya, babu allurar da za ta mantar da shi.

Ban koyi wannan a wurin kowa ba sai wurin wani likita da na yi wa aiki shekara da shekaru, wanda yanzu Farfesa ne. Fanninsa ke nan, cututtukan jinin ɗan tayi da na jarirai, kuma gaskiya ya san abinsa. Takardun binciken da ya wallafa idan aka ɗora su kan juna sun fi bulo kauri, har ƙasashen waje ana gayyatarsa ya yi bayani. Mu ne muke ɗibar masa jinin. Mukan fita har Tsafe da Bungudu ranar awo, mu cika fom, mu rubuta lamba a jikin kwalba, mu tura ɗakin gwaji. Gwajin rukunin jini na asibiti biya ake yi, mata da yawa suna tsallake shi. Namu kyauta ne, shi ya sa suke miƙo hannu da murna, suna zaton idan an ga wani abu za a faɗa musu. Sakamakon wurin Farfesa yake tafiya, ba ya dawowa wurinmu, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba.

Makon jiya aka ce in haɗa masa takardunsa a kai a ɗaure, za a karrama shi a wani taro. Cikin kwalin na ci karo da sakamakon fitarmu ta ƙarshe. Ina dubawa idona ya faɗa kan wata: cikin fari, negatib, watan haihuwarta wannan watan da muke ciki. Na nemo fom ɗinta, da rubutun hannuna. Sunanta Sa'adatu, gidan mijinta a Tsafe. Kwana biyu ina kiran lambar mijin, babu sabis. Na kira Farfesa. Na ji a muryarsa abin ya dame shi, ba zan yi masa ƙarya ba, amma abin da ya ce shi ne ai a ƙarshen kowace takarda ya rubuta cewa ya kamata a riƙa gwada mata ana yi musu allurar. Na ce masa Sa'adatu ba ta karanta ba. Allurar kuwa ta fi ƙarfin albashina. Wadda ke cikin kular nan wata mai jego aka saya wa, sai jaririnta ya fito negatib irinta, mijinta ya ce a ba mabuƙata sadaka.

Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsayi a gefen titi. Da can wannan abin farin ciki ne, yanzu kuwa kowa a mota idonsa na kan karan, yana tunanin wa zai fito daga ciki. Mun wuce dutsen Kwatarkwashi yana nan yadda na san shi tun ina yarinya, sai dai gonakin da ke bayansa wasu an noma, wasu ciyawa ta cinye. Ƙanina ya kashe rediyo ya ce yana so ya ji hanya. Shingayen jami'an tsaro ban ƙirga ba. A wani, jami'in ya leƙo ya ga kula, fuskarsa ta washe, ya ce Hajiya a buɗe a gani. Da ya ga ƙanƙara da ƙaramin kwali sai ya rufe mini da kansa ya ce mu wuce. Ban taɓa ganin mutum ya yi saurin yanke ƙauna haka ba, mun yi dariya har muka manta da karan dawa na ɗan lokaci.

Mun shiga Tsafe da hantsi. A bakin tasha muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har abokiyar tafiyata ta tambayi mai tuyar ko na jarirai ne. Matar ta ce ta je kasuwa ta tambayi kuɗin wake da mai, sannan ta dawo su yi magana. Kwatancen da ke fom ɗin ya ce bayan injin niƙa, kuma Tsafe ba injin niƙa ɗaya gare ta ba. Sai a na uku muka dace.

Surukar Sa'adatu muka tarar, dattijuwa mai fara'a, tana tsince shinkafa. Ta shimfiɗa mana tabarma, muka gaisa, aka tambayi gajiya da hanya da mutanen Gusau, ni dai zuciyata tana kan kula. Da na ambaci sunan Sa'adatu sai ta dube ni kamar wadda ta tambayi ina gabas take.

"Ai ta tahi gida goyon ciki tun wata biyu. Wa ka haihuwar hwari gidan miji, ɗiyata? Ran Lahadi da la'asar ta sauka, namiji."

Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin hijabi. Lahadi da la'asar. Yau Laraba. Kwana ukun za su cika da la'asar ɗin yau. Na tambaya ina gidan iyayen nata yake, ta ce wani ƙauye bayan Nahuce, ƙasar Bungudu, a tambayi gidan maƙera. Wato can ɗaya ɓangaren Gusau, hanyar Sakkwato. Mun yi gabas, yarinya tana yamma.

Kunya ce ta kama ni, da haushin kaina. Ni da na haifi ɗana na fari a ɗakin mahaifiyata, na yi arba'in a can, ni ce na tambayi mai cikin fari adireshi na rubuta gidan miji na rufe fom. Layi ɗaya ne a fom ɗin, kuma wanda ya tsara shi da Turanci ya ɗauka mace inda take zaune nan take haihuwa. Amma ni Bahaushiya ce, na san ba haka ba ne. Haihuwar da allurar ta fi muhimmanci a kanta, ita ce haihuwar da al'adarmu ke ɗauke mace daga gari ta kai ta ƙauyen iyayenta, kuma a duk shekarun nan ban taɓa haɗa biyun a kaina ba.

Muka juyo. Da muka wuce shinge biyu ƙanina ya ce da ya san zagayen Zamfara za mu yi da ya taho da katifa. Mun sake shiga Gusau ana kiran azahar, muka wuce ta kusa da inda muka tashi da safe. Na buɗe kula na ga ƙanƙarar ta zama ruwa, allurar kuwa ba ta son zafi. Kwana biyu ba wuta a unguwannin, shago biyu muka tsaya firij ɗinsu ɗumi. A na uku muka samu ruwan leda da ya daskare, mai shagon ya ga idonmu ya ninka kuɗin, muka biya ba ciniki. Sallah muka yi a gurguje, muka sayi dafaffiyar gyaɗa a madadin abincin rana.

Hanyar Bungudu gajeriya ce, kuma ta fi ta Tsafe mutane. Gulbi ya cika, masu gasa masara sun jeru a bakin titi, manyan motoci suna ta kauce wa ramuka suna shigo mana hannu. A Nahuce muka sauka daga kwalta, ba mu yi nisa ba laka ta ce mota ta tsaya nan. Ƙanina ya zauna gadin motarsa, mu biyu muka hau kabu-kabu. Na riƙe kula da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe ƙarfen baya, ina salati duk inda taya ta zame. Mai babur ɗin ya ce in kwantar da hankalina, jiya buhu biyu ya ɗauko ta nan. Ban ji daɗin kwatancen ba, amma mun isa.

Tun daga zaure ƙamshin dafaffen ganyen darbejiya ya tare mu. A tsakar gida wata mata tana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar ruwan wankan jego, ta amsa sallamarmu ba ta ɗago ba. Mahaifiyar Sa'adatu, wadda kowa ke kira Inna, ta shigar da mu ɗaki. Ga Sa'adatu a bakin gado, yarinya kyakkyawa, ta juya wa jaririn baya saboda kunyar ɗan fari, amma ina ganinta tana satar kallonsa. Yaron ƙato, lafiya lau, yana barci.

Na yi bayani. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce a'a. Mai jego jikinta ɗanye ne, ba a huda shi da ƙarfe. Kuma yarinya lafiyarta lau, yaro lafiyarsa lau, maganin me za a yi? Mijinta ma ba ya nan, sai ranar suna zai zo. Mu dawo bayan arba'in. Ta sa aka kawo mana kunun kanwa, alamar magana ta ƙare. Na dubi inuwar katanga ta ƙofa, ta fara tsawo. Na sake ɗauko bayanin daga farko, a wannan karon na bar maganar fozitib da negatib, na faɗi abin da zai iya samun 'ya'yan da za su zo: na fari ya rayu, na biyu ya yi rawaya kamar an shafa masa kurkur ya koma cikin kwana biyu ko uku, na gaba ma haka, wani a haife shi a kumbure.

Ban gama ba na ji murya daga bakin ƙofa. Matar da ke hura wuta ce, tana tsaye a waje, ba ta tako cikin ɗakin ba.

"Inna, bari a yi mata."

Inna ta dube ta. Sannan ta tashi ta fita ta yi magana da maigidan a zaure, ta dawo ta ce to, mu yi da bismillah.

Abokiyar aikina ta fito da farin tangaran da take gwaji a kai. Ta ɗan huda diddigen yaron, ta ɗiga jininsa, ta ɗiga ruwan gwaji, ta jujjuya. Jinin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji. Fozitib ne, allurar ta zama dole. Na fito da ita da sauran sanyinta, na yi wa Sa'adatu a cinya. Ina zare allurar ladan ya ɗaga murya kiran la'asar. Ni da abokiyar tafiyata muka dubi juna. Na ji daɗi har cikin raina, kuma da a nan labarin ya tsaya da tun ranar na rubuto muku shi.

Mun fito za mu tafi, matar nan ta biyo mu har bayan rumbu. Sunanta Luba, yayar Sa'adatu ce uwa ɗaya uba ɗaya. Sai a lokacin na lura tana da ciki, zai kai wata biyar. Ta ce ta gane ni tun shigowata.

"Ke ce kinka ɗibi jinina Bungudu, sadda nike da cikin hwari. Kin ce in an ga wani abu za a hwaɗa mani."

Ban tuna fuskarta ba, amma na tuna maganar, domin kowa haka nake faɗa wa. Ta ba mu labarinta a tsaye, ba kuka, kamar mai lissafa kayan miya. A ɗakin nan da muka fito ta haifi 'yarta ta fari, tana nan da rai. Bayanta uku. Biyu sun yi rawaya sun koma kafin suna, na ukun bai zo da rai ba. An sha rubutu, an yi turare, an sauya mata ɗaki. Da wannan cikin ya fito dangin mijinta suka ce ta zo gida ta huta. A nan ma ba wanda ya hana ta shiga ɗakin ƙanwarta, amma ba wanda ya miƙa mata jaririn, ita kuma ta gane, ta kama aikin wuta.

Ta miƙo yatsa ta ce a gwada nata. Abokiyar aikina ta dube ni, na gyaɗa kai. Aka ɗiga, aka jujjuya, aka jira. Jinin yana nan sumul, bai tsinke ba. Luba ta ga na yaron ɗazu daga bakin ƙofa, ta ga nata yanzu, ba ta buƙaci fassara ba. Ta ce to ita ma a yi mata allurar, ko nawa ce za ta sayar da akuyarta. Na ce mata ba maganar kuɗi ba ce. Jikinta ya riga ya koya, allurar ba za ta yi mata komai ba.

"Da an yi mani sadda na haihi ta hwari, da sun rayu?"

Amsar da ta zo bakina ita ce rai na Allah ne, kuma gaskiya ce, kuma da na faɗe ta da ta karɓa ta yi mini godiya. Sai na ji ba zan iya ɓuya a bayan wannan maganar ba. Na ce mata Allah ne masani, amma da wataƙila sun rayu.

"Kuma kun sani tun sannan?"

Na ce an sani. Ta sake duban tangaran. Ba ta zage ni ba, ba ta yi Allah ya isa ba, ni kuwa da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na yi ta zuba mata bayani da sauri: wannan cikin bai kamata a haife shi a gida ba, ta zo Gusau tun yanzu a riƙa duba ta, idan an haife shi a asibiti akwai fitilar da ake sa jariri a ƙarƙashi, akwai sauya masa jini, wasu suna tsira. Na rubuta mata lambata a bayan kwalin allurar. Ta karɓa ta ƙulle a gefen zane, ta ce sai abin da mijinta ya ce. Ta koma wurin tukunya, domin lokacin wankan yamma ya yi.

Inna ta rako mu da ƙwaryar gyaɗa da albarka mai yawa. Masu babur suna ta yi mana sauri, yamma ta fara, ba a son wuce magariba a waɗannan hanyoyin. Ƙanina ya ga fuskokinmu ya ɗauka mun makara, na ce a'a, mun samu. Ya ce to me ya faru? Na ce ya tuƙa kawai, sai mun isa gida. Mun shigo Gusau rana tana faɗuwa, ya sauke ni a ƙofar gida, na shiga na tarar da yarana suna faɗa a kan caja.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Jinin Luba ya yi tafiyar da Luba ba ta taɓa yi ba. Ya zama lamba, lambar ta shiga takarda, takardar ta haye teku, masana sun karanta sun yaba. Ita kuwa tana nan, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga inda aka gwada shi, ta binne uku. Ba na cewa Farfesa mugu ne, abin da ya rubuta daidai ne, kuma da iliminsa na ceci 'ya'yan Sa'adatu da ba a haifa ba tukuna. Amma mun iya ɗiba, ba mu iya mayarwa ba. Ni ce na riƙe hannun matan nan, ni ce na yi musu alkawari da Hausa, ni ce ban tambaya ba. Yanzu duk mai cikin fari da ta zauna gabana sai na tambaye ta gidan wa za ta haihu, in rubuta a gefen fom ko da babu layi. Kuma duk jinin da na ɗiba sai na bi sawunsa. Sauran matan da ke cikin tsofaffin takardun nan ban san yawansu ba, kuma ina tsoron sani.

Yau kwana tara da dawowarmu. An yi sunan ɗan Sa'adatu, mijinta ya samu sabis ya kira ya yi godiya. Na tambaye shi Luba, ya ce tana nan lafiya. Duk lambar da ban sani ba idan ta kira, ko ina tsakiyar awo ne sai in ajiye abin da ke hannuna in ɗauka. Jiya sau biyu aka kira. Ɗaya mai neman wani Alhaji ne, ɗaya kuma tela.